Giyar tuffa daban, ruwan tuffa daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan wata kalma guda da na ci karo da ita a shafinku na abinci da lafiya, inda marubucin, a cikin bayaninsa kan khal ɗin tuffa, wato "apple cider vinegar", da ya cika shagunan magani da na kayan masarufi a garuruwanmu, ya fassara kalmar Ingilishi "cider" da cewa ruwan tuffa ne. Na tabbata ba da gangan ya yi ba, domin su kansu masu harshen ba su haɗu a kan ma'anar kalmar ba. Sai dai kuskuren yana da nauyi ga mai karatu Musulmi, saboda a Ingila, inda nake zaune, kwalbar da ke ɗauke da wannan suna giya ce mai sa maye, kuma ƙarfinta yakan kai na giyar sha'ir ko ya wuce shi.

Ya kamata in faɗi inda na san abin da nake faɗa. Na yi karatun kimiyyar abinci a yammacin Ingila, ɗaya daga cikin yankunan da aka fi noman tuffa a ƙasar, kuma na shafe kaka biyu ina aikin auna ruwan tuffa a ɗakin gwaji, ina duba sukarinsa da tsaminsa da gubar da ruɓaɓɓiyar tuffa ke bari a cikinsa. Giyar kanta ban taɓa kai ta bakina ba. Abin da na ɗanɗana shi ne ruwan a ranar da aka matse shi, abin da na gani kuwa shi ne yadda alƙalan gasa suke zama su yi hukunci a kan abin da ruwan ya koma bayan watanni. Daga kallon aikinsu da karanta takardunsu na fahimci inda iyakar take tsakanin ruwa da giya da khal, wanda shi ne abin da nake so ya isa ga masu karanta jaridarku.

Asalin kalmar ma ya isa ya sa mai ilimin Larabci ya yi hattara. Ta shigo Ingilishi ne ta hanyar Faransanci da Latin da Girkanci daga kalmar Ibrananci "shekar", wato abin sha mai ƙarfi, 'yar'uwar "sakar" ta Larabci wadda ta zo a aya ta 67 ta Suratun Nahli. Ruɗanin ya taso ne daga Amurka, inda suke kiran ɗanyen ruwan tuffa da ba a tace ba da wannan suna, idan kuma giyar suke nufi sai su ƙara kalmar "hard" a gaba. Saboda haka Martinelli's mai kumfa da ake ba yara a bukukuwan Amurka ba shi da barasa, haka ma Appletiser na Afirka ta Kudu, amma Strongbow da Somersby da Savanna da Hunter's giya ne, alhali wasunsu hoton tuffa ne a jikin kwalbar, kuma a manyan kantuna ana iya jera su kusa da juna. Ɗalibinmu da ya sauka Landan a makon farko, ko mahaifiyar da ta shiga kanti a Abuja tana neman abin sha na walima, hoton za su duba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gonakin Hereford da Somerset shi ne tuffar da ake noma don wannan sana'a ba ta ciyuwa. Ƙanana ne, wasu da tabo a jiki, ba a tsinke su da hannu kamar na kasuwa, girgiza itacen ake yi su zubo a kwashe a ƙasa. Ranar da aka matsa mini ruwan wani iri da ake kira Dabinett na kurɓa, zaƙi ne ya fara zuwa, kafin in haɗiye sai na ji harshena ya ɗaure, dasashina ya bushe, kamar na tauna ɗanyar kanya. Bature yana fama da dogon bayani kafin ya siffanta wannan yanayi, mu kuwa kalma ɗaya muke da ita, bauri. Sinadarin da ke kawo shi dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wanda majema suke jeme fata da shi tun kaka da kakanni, kuma yadda yake kama fatar akuya ya ƙarfafa ta, haka yake kama yawun baki ya ɗaure shi. Mai sana'ar giyar tuffa wannan baurin yake nema ido rufe, domin idan yisti ya cinye sukarin, baurin da tsamin ne kaɗai suke saura su riƙe abin shan, in babu su sai ya zama lami.

A shekarar 1903 aka kafa wata cibiyar bincike a Long Ashton kusa da Biristol domin nazarin 'ya'yan itace da giyar tuffa, kuma masanin da ya daɗe yana jagorantarta, B.T.P. Barker, shi ya tsara rabon da har yau ake bi. Ya ɗauki ma'auni biyu kacal: tsami, wanda iyakarsa kashi 0.45 cikin ɗari, da sinadarin bauri, wanda iyakarsa kashi 0.2 cikin ɗari. Tuffar da ta gaza duka biyun ita ce mai zaƙi, irin su Sweet Coppin. Wadda tsaminta ya haura amma baurinta bai kai ba ita ce mai tsami, kamar Bramley da ake dafawa. Wadda baurinta ya haura tsaminta kuma ƙasa, irin su Dabinett da Yarlington Mill, ita ce ƙashin bayan sana'ar a yammacin Ingila. Sai ta huɗu mai haɗa tsami da bauri, wadda Kingston Black ta fi shahara a cikinta, har ana yi mata kallon irin da zai iya tsayawa shi kaɗai ba sai an gauraya shi da wani ba. An rufe cibiyar a 2003 bayan ta cika shekara ɗari, amma masu karatunku sun san wani abu da ya fito daga cikinta ko da ba su san sunanta ba, domin a can aka ƙirƙiro Ribena a shekarun 1930.

Yadda ruwan ke komawa giya ba ya buƙatar a zuba masa komai, kuma wannan ne wurin da nake so a tsaya a lura. Ana wanke tuffar, a markaɗa ta, a matse ruwan a zuba a ganga. Yisti yana nan a jikin 'ya'yan da jikin mamatsar, don haka cikin 'yan kwanaki sai ka ga kumfa ta taso, ganga ta fara tsuwa. A ɗakin gwaji muna da wani ma'auni na gilashi da ake jefawa a ruwa ya yi iyo, yana nuna nauyin ruwan idan aka kwatanta da ruwa zalla. Sabon ruwan tuffa yakan nuna wajen 1.050, idan kuma yisti ya gama aikinsa sai ya sauko kusa da 1.000, wanda ke nufin sukarin ya tafi, barasa kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ta maye gurbinsa. Duk wadda ta taɓa barin kunun zaƙi ko zoɓo mai sukari a gora cikin zafin bazara har gorar ta kumbura ta ga farkon wannan aiki da idonta. Kullum na tsaya gaban wannan ma'auni nakan tuna hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ba ya ƙara kwana. Kwana ukun nan a ƙasa mai zafi shi ne daidai lokacin da yisti ke fara rinjayar ruwa mai sukari.

Gasar da na fi halarta a matsayin ɗan kallo ita ce ta bikin baje kolin noma na Royal Bath and West da ake yi a Shepton Mallet, wanda ƙungiyar da ke shirya shi ta samo asali tun 1777. Masu ƙananan gonaki ne suke kawo ɗaruruwan kwalabe da tuluna na gilashi, a cire musu duk wata alama, a liƙa lamba kawai, domin kada alƙali ya san na wane ne. Ana raba su aji-aji: wadda sukarinta ya ƙare sarai, da matsakaiciya, da mai zaƙi; mai kumfa da marar kumfa; ta iri ɗaya da ta gauraye. Alƙalai suna farawa daga marar zaƙi su hau zuwa mai zaƙi, saboda idan sukari ya riga ya zauna a harshe duk abin da ya biyo baya sai ya yi ɗaci fiye da yadda yake. Tsakanin kofi da kofi suna kurkure baki da ruwa, su ɗan ci busasshen biskit marar gishiri. Ba a ba su abin da sanyi ƙarara, domin sanyi yana danne ƙanshi, ya kuma ɓoye aibi.

Da ido alƙali yake farawa. Yakan ɗaga kofin ya fuskanci haske ya ga launin, daga ruwan ƙwai mai haske har zuwa ruwan zuma mai duhu, domin tuffa mai bauri takan yi duhu idan iska ta taɓa markaɗenta, kamar yadda goro ke sauya launi idan an fasa shi. Daga nan sai ya karkaɗa kofin ya sa hanci, sannan ya kurɓa. A takardar makin da ake amfani da ita a yawancin gasannin Amurka, maki 50 ne gaba ɗaya: 6 na kamanni, 10 na ƙanshi, 24 na ɗanɗano, sauran 10 kuma na yadda abin ya haɗu a ran alƙali. Abin da suke nema a ɗanɗanon shi ne daidaito tsakanin tsami da bauri da ragowar zaƙi, ta yadda babu wanda ya danne wani, kuma suna bambanta ɗaci da bauri, wanda mutane da yawa ke haɗawa. Ɗaci a harshe ake jinsa kamar na maɗaci ko shuwaka, bauri kuwa dukan baki yake kamawa. Akwai kuma wani sauyi na biyu da yakan faru a ganga idan gari ya fara ɗumi bayan hunturu, inda wasu ƙwayoyin halitta suke juya kaifin tsamin tuffa ya koma tsami mai laushi irin na kindirmo, kuma gwanin alƙali yana gane ko an yi wannan sauyi ko ba a yi ba daga kurɓa ɗaya.

Amma a ganina ƙwarewar alƙali ta fi bayyana ne wajen gano aibi, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Akwai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke nuna yisti ya yi yunwa a ganga. Akwai hamamin da ke kama da na ruwan goge farce, wanda ke nuna iska ta shiga. Akwai wadda takan yi yauƙi idan ana tsiyaya ta kamar an zuba mata kuɓewa. Mafi ban al'ajabi shi ne aibin da suke kira na ɓera, domin yana barin wari a baki irin na ɗakin da ɓeraye suka daɗe a ciki. Hanci ba ya jin sa a kofi ko kaɗan, saboda tsamin abin shan yana riƙe sinadarin, ba ya tashi. Sai an kurɓa, yawu ya rage tsamin, bayan wasu daƙiƙu sannan warin ya taso daga maƙogwaro. Wasu alƙalan sukan ɗiga kaɗan a bayan hannu su murza su sansana, domin fata ma tana rage tsamin. Kuma Allah bai halicci mutane daidai ba a nan: akwai waɗanda ba sa jin wannan wari sam, komai ƙwarewarsu, shi ya sa ba a barin alƙali ɗaya ya yanke hukunci, sai an zaunar da biyu ko uku a tebur ɗaya su yi ta muhawara har su daidaita. Na ga dattijon da ya fi kowa shekaru a teburinsa ya ajiye alƙalami ya karɓi maganar wata matashiya a kan wannan aibi, saboda ya san harshensa ba ya kama shi, kuma hakan ya burge ni ƙwarai.

Ma'aunin kyau kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Asturiyas da ke arewacin Sifen, inda hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar tuffarsu cikin kayan gadon duniya a ƙarshen 2024, ɗan tsamin khal da alƙalin Ingila zai rage wa maki, su a wurinsu yana cikin siffar abin, kuma suna ɗaga kwalbar sama da kai su tsiyayo a kofin da ke ƙasa domin iska ta ratsa, har gasar tsiyayar ma suna yi. Ta Faransa ce ta fi damuna. A Nomandi da Biritaniya ta Faransa suna da wata dabara ta barin ruwan ya yi kwanaki cikin sanyi har wani kauri mai ruwan ƙasa ya taso ya yi masa hula, ya kwashe abincin da yisti ke rayuwa da shi, sai su janye tataccen ruwan daga ƙasa. Yistin da ya rasa abinci yakan yi aiki a hankali ya gaji kafin ya cinye sukarin, don haka abin da ke fitowa yana da zaƙi da kumfa da ƙanshin tuffa, barasarsa kuma ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari a nau'in da suke rubuta wa "doux". Wanda bai sani ba zai rantse lemo ne. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke karatu ko fatauci a Faransa, kalmar da za su kiyaye ita ce "cidre", wadda ake kawowa tare da fanke a gidajen abinci kamar yadda ake kawo shayi, alhali ruwan tuffa na halal sunansa "jus de pomme". Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya riga ya rufe wannan ƙofa, cewa abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Giyar tuffa ta masana'antu kuwa, wadda ita ce ke isowa kantunanmu, masu ƙananan gonakin ma raina ta suke yi. Dokar Birtaniya tun 2010 ta yarda a kira abu da wannan suna matuƙar ruwan tuffa ya kai kashi 35 cikin ɗari na abin da aka yi shi da shi, sauran kuma ruwa ne da sukari, sau da yawa a ƙara ɗanɗanon wasu 'ya'yan itace da launi mai ɗaukar ido. Zaƙin nan ne ke ɓoye barasar, kuma shi ya sa matasan da ba za su iya haɗiye giya mai ɗaci ba suke farawa da ita. Ƙasar da ta san wannan abin sha ta san illarsa: a da manoman yammacin Ingila suna biyan 'yan ƙodago wani ɓangare na ladansu da tulun giyar tuffa, har sai da majalisa ta hana hakan da doka a 1887. Hanyar kariya mai sauƙi ce. A juya kwalbar a nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari tare da haruffan ABV ko "vol", domin doka a ƙasashen Turai ta tilasta rubuta ta a kan duk abin sha da barasarsa ta haura kashi 1.2. Akwai kuma wadda ake yi giya tukuna sannan a cire mata barasar, a bar ta da kashi 0.5 ko ƙasa da haka, kuma hukuncin wannan na malamai ne, amma wajibi ne a gaya musu yadda aka yi ta kafin a nemi fatawa.

Saura khal, wanda shi ne ainihin abin da marubucinku ya yi magana a kai. Abin da alƙalin gasa yake ɗauka babban aibi, shi mai khal yake nema da gangan. Idan aka buɗe gangar giyar tuffa iska ta shiga, wasu ƙwayoyin halitta na daban sukan cinye barasar su mayar da ita tsami, su tara wani yauƙi a sama da ake kira uwar khal, har abin ya kai tsami wajen kashi 5 cikin ɗari, maye kuma ya tafi. Ke nan matakai uku ne a jere, ruwa ya zama giya, giya ta zama khal, kuma babu khal ɗin tuffa da bai ratsa ta mataki na biyu ba, shi ya sa kalmar nan take cikin sunansa a jikin kwalba. Annabi (SAW) ya yabi khal da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗi, kuma malamai sun haɗu a kan tsarkin giyar da ta juye khal da kanta, sun kuma yi saɓani a kan wadda mutum ya juya da hannunsa. Ba ni da hurumin shiga wannan saɓani, amma na san idan jarida ta gaya wa mutane cewa kalmar tana nufin ruwan tuffa, wanda ya saba sayen khal ɗin zai ga kwalba mai rabin sunan a gefe ya ɗauka 'yar gida ɗaya ce.

Ina kuma so in ce wannan tarbiyyar harshe da hanci da na gani a wurin alƙalan ba ta taƙaita ga giya ba, domin a gasannin nan akwai ajin ruwan tuffa zalla, kuma da irin wannan natsuwa ake hukunta shi. A nan ne nake da bakin magana, tunda shi na ɗanɗana. Ruwan da aka matse daga 'ya'yan da suka fara ruɓewa yana da ɗan warin rima, kuma wannan warin gargaɗi ne, domin hunhunar da ke ruɓar da tuffa tana barin wata guba mai suna fatulin, wadda ƙa'idar ƙasashen Turai ta hana ta wuce maikirogiram 50 a kowane kilo, kuma dumama ruwan da ake yi kafin a rufe kwalba ba ya kawar da ita. Masu matsar 'ya'yan itace a gidajen lemo na garuruwanmu, waɗanda wasunsu ke sayen tuffa mai tabo saboda arha, ya kamata su san cewa yanke wurin ruɓar da zubar da wanda ya lalace yana gaba da kowane sukari ko ƙanƙara da za su ƙara.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku buga gyara a fitowa ta gaba, a shafin da kuskuren ya fito, ku kuma sanar da masu yi muku fassara su riƙa rubuta giyar tuffa duk inda labari ya fito daga Ingila ko Faransa ko Afirka ta Kudu, idan kuma daga Amurka ne su duba ko kalmar "hard" tana gaba kafin su yanke. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Biristol, Ingila